Ta Hannun Wa?

Dakta Kibona ya riga ya cire murfin alƙalaminsa, har ya ɗora bakin alƙalamin a kan takardar, sai ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya sake karanta layin sama, sannan ya mayar da murfin a hankali.

"Maman Lusajo, ai ba ni ba ne."

Tumpe Mwakipesile ta yi murmushi, don ta ɗauka wasa yake yi. Shekara goma sha huɗu tana riƙe da ofishin da ke taimaka wa ɗalibai neman aiki a jami'ar nan, kuma tun ranar da aka ba ta makulli take ɗaukar Shugaban Harkokin Ɗalibai a matsayin ubangidanta. Shi take gaisarwa da farko a taro, shi take yi wa tsarabar shinkafar Kyela idan ta dawo daga gida.

"Ba kai ba ne me, Dakta?"

"Ba ni ne shugabanki ba. Tun gyaran tsarin da aka yi shekara uku da suka wuce aka cire ofishinki daga ƙarƙashina. Ba a faɗa miki ba?"

Ba a faɗa mata ba. Ta dubi wasiƙar da ke kan tebur, sannan ta dubi agogon bango. Tara da kwata, ranar Juma'a.

Wasiƙar ba doguwa ba ce. Kamfanin ganyen shayi na Tukuyu ya yarda zai ɗauki ɗalibanta tara 'yan ajin ƙarshe su yi wata shida suna koyon aiki, kuma kowa ya san cikin bakwai da kamfanin ya ɗauka bara, biyar ya riƙe su dindindin. Duk shekara sa hannun Tumpe kaɗai ya isa. Amma bana wasu 'yan iska sun kai wa kamfanin takardun bogi da sunan wata makaranta, don haka aka ce daga yanzu kowace wasiƙa sai ta bi ta hannun wanda ke sa ido a kan ofishin da ya rubuta ta, ya rubuta "an wuce da ita", ya sa hannu. Ƙarfe huɗu na yau za a rufe karɓa. In wasiƙar ba ta isa ba, wata kwalejin gona na can ta riga ta jera nata sunayen tana jira.

"Amma Dakta, kai nake kawo wa rahotona duk wata uku."

"Kina kawowa, ina karɓa, ina turawa ɗakin fayil. Na ɗauka ladabi ne kike yi mini."

"Takardar hutuna fa? Kai ka sa mini hannu a watan Disamba."

"Hutu daban. Hutu ba ya jawo wa kowa magana." Ya tura mata wasiƙar da yatsa ɗaya. "Wannan kuwa waje za ta fita. In yaro ɗaya ya sa hannu a inji ya yanke, za a ce wa ya wuce da ita? A ga sunana. Sai a tambaye ni da wane iko. Je ki wajen Farfesa Sanga, ina jin can aka mayar da ke."

Ina jin. Mutumin da ya zauna a taron da aka yi gyaran, shi ne yake cewa ina jin. Tumpe ta yi godiya, don a gidan nan ko korarka aka yi sai ka yi godiya kafin ka fita.

A kan matattakala ta ci karo da Subilaga, ɗaya daga cikin taran, ɗaliba mai karatun sarrafa amfanin gona, rungume da littattafai.

"Ina kwana, Mama. An sa hannun?"

"Ana kai."

"Na faɗa wa mamata jiya." Subilaga ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. "Kin san shekara ashirin da biyu tana tsinkar ganye a gonar kamfanin nan, ba ta taɓa shiga ofishinsu ba sai ranar da aka kira ta a yi mata faɗa. Ta ce ranar da zan fara, za ta tsaya a bakin hanya da kwandonta ta ga na shiga ta ƙofar gaba. Na ce mata kada ta ba ni kunya, ta ce sai ma ta yi guɗa."

Tumpe ta gyara riƙon jakarta. Ta ce, "Je ki aji. Zan kira ki."

Ofishin Mataimakin Shugaban Jami'a mai kula da karatu yana hawa na uku, inda ake shimfiɗa kafet. Sakatariyarsa, Dada Edina, ta karanta wasiƙar har ƙarshe duk da ba ita aka rubuta wa ba, sannan ta tashi ta kai Tumpe gaban wani babban zane da aka rataye cikin gilashi. Zanen tsarin shugabancin jami'a ne, akwatuna a jere, layuka suna haɗa su daga sama zuwa ƙasa.

"Ga ki nan," in ji Edina, ta nuna wani ɗan akwati can gefe, kusa da na masu kula da filin wasa.

Tumpe ta ji daɗin ganin ofishinta a rubuce, ko ba komai yana nan. Amma layi uku ne suka fita daga kansa, kowanne ya kama gabansa. Tana cikin bin su da yatsa sai Farfesa Sanga ya fito da sauri, kwat a kafaɗa, waya a kunne. Ta gaishe shi, ta tare hanya da jikinta yadda ba zai wuce ba sai ya ture ta, ta yi masa bayani a numfashi biyu.

Ya sauke wayar. Farfesa mutum ne mai son a tambaye shi abin da ya sani.

"Duba nan da kyau. Wannan layin da ya zo wajena ɗigo-ɗigo ne. Wannan da ya tafi wajen Kibona shi ma ɗigo-ɗigo ne. Ɗigo-ɗigo shawara ce. Ni ina ba ki shawara a kan abin da ya shafi karatu, shi yana ba ki shawara a kan abin da ya shafi ɗalibai."

"Wannan wasiƙa ai ta shafi karatun ɗalibai ne, Farfesa."

"Yauwa, kin ga ke nan ba ta kowa ba ce a cikinmu. Iko yana nan." Ya ɗora yatsa a kan layi na uku, miƙaƙƙe, baƙi wuluk, wanda ya haura zuwa wani akwati da aka rubuta: Kwamitin Sa Ido kan Ofishin Neman Aiki. "Shugaban wannan kwamiti shi ne ubangidanki. Mun yi haka ne don a ba ofishinki daraja. Ni na kawo shawarar ma."

"To wane ne shugaban?"

Farfesa ya dubi Edina. Edina ta dubi zanen.

"Yallaɓai, ai kai ma kana cikin kwamitin," in ji ta.

"Ni?"

"Kai da Dakta Kibona da wasu biyu."

"Ban taɓa ganin takardar gayyata ba."

"Ba a taɓa zama ba, yallaɓai."

Tumpe ta juyo daga zanen. Ta ce to tunda haka ne, ko Shugaban Jami'a da kansa zai taimaka, shi da duk layukan suka taru a ƙarƙashinsa? Edina ta ce ya tafi Dodoma tun Laraba, sai Litinin. Wa ke riƙe masa? Farfesa ya yi gyaran murya, ya ce shi ne.

"To ai shi ke nan!" in ji Tumpe, har ta fara zaro wasiƙar.

"A'a, a'a, tsaya. A matsayina na mai riƙon ƙwarya zan iya sa hannu a duk wasiƙar da ta iso gare ni ta hanyarta. Taki ta tsallake kwamiti. In na karɓa, na karya tsarin da ni na kawo." Ya sa hannu a kwat ɗinsa. "Amma ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Shawarata, ki je ɗakin fayil ki nemi sunan shugaban. Tara fa kika ce? Kai, kada a bari su rasa."

Ya tafi yana girgiza kai saboda tausayin yaran.

Ɗakin fayil yana ƙarƙashin bene, kuma ta iske shi a rufe, lokacin shayi ya yi. Ta zauna a kan benci ta jira, tana jin ƙarar cokali a kofi ta bayan ƙofa. Ta yi ƙoƙarin tuna abin da take yi shekara uku da suka wuce har aka ɗauke ta daga wuri zuwa wuri ba ta ji motsi ba. Ta tuna an yi wani taro a babban zaure, an raba lemo da gyaɗa, wani baƙo daga Dar es Salaam ya yi ta nuna hotuna a bango. Ita kuwa ta fita tun kafin a gama, don tana da ɗalibai talatin da take koya wa yadda ake amsa tambaya a gaban masu ɗaukar aiki. Ashe a nan aka raba ta da ubangida.

Ƙarfe sha ɗaya Mzee Mwaisumo ya buɗe, yana share bakinsa daga gasasshiyar ayaba. Tsoho ne da ya girmi rabin gine-ginen jami'ar, kuma duk takardar da ta shiga hannunsa ba ta ɓata, sai dai ba ta cika fita ba.

"Na gaishe ka, Baba."

"Yauwa 'yata. Yaya Lusajo? Har yanzu yana buga ƙwallo da takalmin makaranta?"

"Ya kashe na biyu ke nan. Baba, fayil ɗin ofishina nake nema."

"Wanne? Tsohon an rufe shi ranar da aka cire ki daga wajen Kibona. Sabon kuma ba naki ba ne, na kwamiti ne."

"To na kwamitin."

"Na kwamiti sai da izinin shugaban kwamiti."

Tumpe ta dafa kanta da hannu biyu. Ba ta yi niyya ba, amma sai ta ji dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba ta da nisa da kuka. Mzee Mwaisumo ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce shi dai zai shiga ya kakkaɓe ƙura a layin can na ciki, in wani fayil ya faɗo ya buɗe da kansa, ba ruwansa.

Kakkaɓar ta ɗauki lokaci, don an ba kwamitin lamba biyu, kuma ta farkon ta kai shi ga fayil ɗin kwamitin binciken tankin ruwa. Sai bayan ƙarfe biyu ya fito da wani kore mai kauri, ya ajiye a kan tebur, ya juya baya yana duba taga.

Abin da ta fara gani rahotanninta ne. Guda goma sha biyu, a jere, an ɗaure su da zare, ko kunnen shafi ɗaya bai lanƙwashe ba. Ta san daren da ba ta yi barci ba a kan kowanne, ta san wanda ta rubuta Lusajo yana kwance da zazzaɓi. Abin ya yi mata ciwo sosai, fiye da yadda ta zata, amma babu lokacin jin ciwo. Ta ɗaga su gefe.

A ƙarƙashinsu akwai bayanin zaman Majalisar Jami'a. Majalisa ta yanke cewa kada jami'a ta riƙa yi wa kanta maki, don haka shugaban kwamitin dole ya fito daga waje, daga cikin masu ɗaukar ɗalibanmu aiki. An nemi ofishin neman aiki ya kawo sunayen kamfanonin da yake hulɗa da su. Tumpe ta tuna, lallai an taɓa aiko mata a nemi irin wannan jeri, ta ɗauka kalandar sabuwar shekara za a raba musu. Daga jerin nan majalisa ta zaɓi mutum ɗaya.

Ta karanta sunan sau uku. Madam Devota Ngonyani, shugabar sashen ma'aikata ta kamfanin ganyen shayi na Tukuyu.

Ta zaro wasiƙarta daga jaka ta duba wanda ta rubuta wa. Madam Devota Ngonyani.

"Baba," ta ce a hankali, "ita ta san ita ce?"

"Ina za ta sani? Ga takardar naɗinta nan a baya, cikin ambulan. Shugaba ya sa hannu tun tuni."

"Me ya hana a aika?"

"Wasiƙar kwamiti a littafin aike na kwamiti take fita. Littafin aike kuwa shugaban kwamiti ne yake rubutowa a buɗe masa." Ya ɗaga kafaɗa. "Na tambaya sau biyu a rubuce. Ga kwafin nan."

"Ba ni ita in kai."

"Ni ban ba ki ba. Ke kika ɗauka ki duba ta a haske, tunda wutar nan ba ta da ƙarfi. Hasken waje ya fi."

Ta ɗauka. Ta kai ƙofa, ta dawo, ta zare rahoton da ke sama, na watan jiya, ta cusa a jaka. Da an tambaye ta dalili da ba ta iya faɗa ba.

Kamfanin yana da ofishi a nan cikin garin Mbeya, kuma a nan Madam Ngonyani take wuni ranar Juma'a. Tumpe ta tari bajaji, wato a-daidaita-sahu, a bakin ƙofar jami'a. A unguwar Mwanjelwa suka tarar manyan motoci masu zuwa Tunduma sun toshe hanya, ga yayyafi ya fara. Direban ya bi ta bayan kasuwa, ta tsakanin masu dankali da masu gwanjo, yana yi wa kowa kirarin da bai dace ba. Ita dai tana rungume da jaka, tana ƙoƙarin shirya yadda za ta fara maganar, kuma duk ta inda ta ɗauko sai ta ji kamar zancen mai taɓin hankali. Uku da rabi ta wuce kaɗan ta shiga.

Madam Ngonyani mace ce doguwa, mai furfura a gaban goshi da ba ta damu ta rina ba. Shekara shida suna magana ta waya, sun haɗu bai fi sau huɗu ba.

"Maman Lusajo, har na fara cewa kin yafe. Kawo."

Ta karɓa, idonta ya tafi kai tsaye wajen da ya kamata a ga sa hannu. Fari fat.

"Haba. Na faɗa miki ba ni na kafa dokar nan ba, kuma ba zan iya karya ta ba. Ina shugabanki?"

"Shi ne na zo a kai, Madam. Karanta wannan tukuna."

Madam ta farke ambulan. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta duba kwanan wata, ta sake karantawa.

"Wannan ta shekara uku ce."

"Saura wata biyu."

"Ni ce shugabar kwamitin da ke sa ido a kanki?"

"Haka na gani yau da rana."

"Wato wasiƙar da na ce sai shugabanki ya sa hannu kafin ki kawo mini…"

"Ke za ki sa hannu, ki wuce da ita, sannan ki karɓa."

Madam Ngonyani ta ajiye takardun biyu gefe da gefe, ta zuba musu ido. Sai ta fashe da dariya har tana buga tebur, ta ce ita fa ta yi aiki da gwamnati, ta yi da Turawa, ta yi da Indiyawa, amma jami'a ta fi ƙarfinta. Tumpe ta fara jin sanyi a ranta. Sai dariyar ta tsaya cak.

"Tsaya. Akwai matsala." Ta jawo wani ɗan littafi shuɗi daga aljihun tebur, ta buɗe ba tare da ta nema ba. "Dokar kamfaninmu ta hana ma'aikaci ya ɗauki ɗalibai daga makarantar da yake riƙe da muƙami a cikinta. Kada a ce ya yi son kai. In na karɓi naɗin nan, ba zan iya karɓar yaranki ba."

"In kuma ba ki karɓa ba?"

"Babu mai sa miki hannu, ba zan iya karɓarsu ba."

A waje yayyafin ya zama ruwa sosai. Tumpe ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Abin da ke idonta kawai wata mata ce da ba ta taɓa gani ba, tsaye a bakin hanya da kwando a baya, tana jira.

Madam ta sake karanta layin dokar, tana bin sa da farce.

"Yake riƙe," ta ce. "Ba a ce ya taɓa riƙewa ba." Ta dubi agogon hannunta. "Huɗu saura ashirin da ɗaya. Na karɓi naɗin." Ta rubuta haka a ƙasan takardar, ta sa lokaci, ta sa hannu. Tumpe ta yi maza ta tura mata wasiƙar ɗaliban.

"A'a. Ba na sa hannu a kan ofishin da ban san aikinsa ba. In ni ce shugabarki, to ni ce. Kina da wani abu a rubuce?"

Tumpe ta zaro rahoton, gefensa ya ɗan jiƙe. Madam ta sa tabarau ta fara karantawa da sauri, alƙalami a hannu, irin karatun wanda ya saba kama ƙarya a takardun neman aiki. A shafi na uku ta ja layi.

"Kin ce kashi sittin cikin ɗari na waɗanda suka gama bara sun sami aiki. Wane irin aiki?"

"Kowane iri."

"Har da masu acaɓa?"

"Suna samun abinci, Madam."

"Ban ce ba sa samu ba. Amma kin haɗa mai digirin lissafi da ke tuƙa babur da mai digirin lissafi da ke aikin lissafi a layi ɗaya. Wa kike ruɗa? Raba su gida biyu, ko da adadin zai ba ki kunya. In ba a ga kunyar ba, ba mai gyara komai." Ta juya shafi. "Masu karatun koyarwa fa? Su ne rabin jami'arku, ban ga ko ɗaya ya zo wajenki ba."

"Harabarsu tana can tsallaken titi. Ba sa hawowa."

"Ke ƙafarki ciwo take? Ki sauka musu rana ɗaya a mako. Ki ɗauki tebur ki zauna a ƙarƙashin bishiya in babu ɗaki." Ta sake juyawa, ta tsaya, muryarta ta sauko. "Wannan na bibiyar yaran da waya bayan wata shida, ke kaɗai kike yi?"

"Ni kaɗai ce a ofishin."

"Mutum ɗari huɗu?"

"Ba duka suke ɗauka ba."

Madam ta dube ta ta saman tabarau. "Wannan aiki ne mai kyau. Ba a yi miki adalci ba."

An yi wa Tumpe faɗa sau biyu a cikin minti biyar, kuma rabonta da jin daɗi irin wannan har ta manta. Maganar masu acaɓa ta daɗe tana cizonta, ta san ba daidai ba ne, amma ba wanda ya taɓa kama ta, sai ta ci gaba. Yau an kama ta. Wani ya karanta shafi na uku. Ta ji hawaye na neman zubowa, ta yi kamar tana neman abu a jaka. Akwai tambayoyi cike da bakinta, na shekara uku, waɗanda take so ta yi wa wanda ke sama da ita: ko ta daina taron baje kolin ayyuka da kamfanoni ke zuwa su sha lemo su tafi, ko ta nemi a ba ta mataimaki, ko hanyar da take bi ma ita ce hanya. Ta buɗe baki.

Madam ta dubi agogo. "Lokaci."

Ta jawo wasiƙar ɗaliban, ta rubuta "an wuce da ita", ta sa hannu. Ta yagi farar takarda ta rubuta layi uku: tana godiya ga Majalisar Jami'a, amma saboda yanayin aikinta ta ajiye shugabancin kwamitin daga wannan lokaci, huɗu saura minti goma. Sannan ta ɗauki wasiƙar ɗaliban daga hannun damarta ta mayar hagu, ta gyara zama, ta karanta ta tun daga sama kamar yau ta fara ganinta.

"Komai ya cika," ta ce, ta buga hatimin karɓa. "Su zo ranar ɗaya ga wata, ƙarfe bakwai da rabi, da takalmin ruwa. Tukuyu ba ta san rani ba."

"Na gode, Madam. Allah ya saka."

"Wannan ta murabus ɗin fa, ta hannun wa zan tura?"

Tumpe ta yi tunani da gaske. Ta bi layukan nan uku a kanta, ɗaya bayan ɗaya.

"Tsakani da Allah ban sani ba."

"To riƙe, ki kai musu su gano." Ta miƙa mata, tare da rahoton da ya sha jan layi. Mutum biyu sun riga sun leƙo ƙofa da takardu a hannu, Madam ta yafito na farko.

Tumpe ta tsaya a barandar ofishin tana jiran ruwa ya tsagaita. Ta buɗe rahoton a shafi na uku ta sake duba rubutun Madam a gefe, sannan ta rufe shi ta sa a cikin rigar sanyinta kada ya ƙara jiƙewa. Ta kira Subilaga. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"An karɓa. Ku tara duka. Faɗa wa sauran, kuma ki ce wa mamarki ta tanadi muryarta."

Ihu ya cika wayar, har sai da ta janye ta daga kunne. Da ya lafa, Subilaga ta ce, "Mama, mun ji an ce Dakta ya ƙi, Farfesa ma ya ƙi. Wa ya sa hannun?"

"Shugabata."

"Ashe kina da wata shugaba? Ba mu taɓa ganinta ba."

"Na yi," in ji Tumpe. "Minti goma sha ɗaya. Tana da kirki ƙwarai."